Filibus da Rariyar da Ta Toshe

Akwai wani mutum mai suna Filibus, wanda ya daɗe yana lodin yashi a bakin kogi. Da bayansa ya fara ciwo, sai ya shiga koyon aiki a ɗakin gwaji, inda ake auna yashi da tsakuwa kafin a yi ginin gada ko makaranta da su. A wurin nan ba mai cewa yashi ya yi ko bai yi ba, sai mai takardar shaida. Ita Filibus yake nema, don ya rabu da shebur.

Malaminsu, wani dattijo mai suna Hananiya, ya koya musu jera rariya bisa rariya, mai manyan ƙofofi a sama, mai ƙanana a ƙasa. A zuba yashi, a girgiza, a auna abin da ya tsaya a kowace. Yakan ce musu, "Kafin ku gwada yashi, ku duba rariyarku."

Ranar jarrabawa ta zo. Tun da safe matar Filibus ta ɗaure zakaran da za a yanka don murna, shi kuwa har ya ba malaminsu labari. A ɗakin gwaji aka ba Filibus yashi, ya jera rariyoyinsa cikin zumuɗi, ya zuba, ya girgiza. Sai yashin ya taru a rariya guda, ya ƙi wucewa. Ya ƙara girgizawa har gumi ya karyo masa. Daga nan ya ce, "Baba, yashin nan ba shi da kyau. Kada a yi gini da shi."

Dattijon ya juye yashin, ya miƙa masa rariyar, ya ce, "Ɗaga ta wajen taga. Kana ganin haske?"

Filibus ya ɗaga, ya ce, "Baba, kaɗan-kaɗan."

"To, ɗana, inda haske ya kasa wucewa, ta ina yashi zai bi?"

Ashe lakar wani yashi da aka gwada jiya ce ta bushe a ƙofofin. Yashin yau lafiyarsa lau. Filibus ya sunkuyar da kai, idanunsa suka cika da ƙwalla.

Hananiya bai yi masa tsawa ba, bai kuma ba shi takardar ba. Ya sa masa buroshi a hannu, ya ce, "Je ka kwance zakaran nan, ya ƙara ƙiba. Ka dawo jarrabawa ta gaba."

Filibus ya koma koyo. Da lokaci ya zagayo, kafin ya taɓa yashi sai da ya ɗaga kowace rariya ga haske, ya goge ta tas. A ranar ya karɓi takardarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, rariyar nan zuciyarmu ce, yashin kuwa mutanen da Allah yake kawowa gabanmu. Lakar jiya ita ce ɓacin ran da muka bari ya bushe a cikinmu. Wani ya cuce ka bara, yau sai ka ce baƙon da ya zauna kusa da kai a coci mugu ne, alhali bai yi maka komai ba. 'Yan'uwa, kafin mu yanke wa kowa hukunci, mu ɗaga zuciyarmu ga hasken Ubangiji, mu roƙe shi ya wanke ta. In kuwa mun riga mun fāɗi kamar Filibus, kada mu karai. Malaminmu ba ya korar wanda ya fāɗi. Buroshi yake miƙa masa, ya ce ya dawo.