Babban Duron Gadu a Matsirgar Kogin Marke

A wata shekara da damina ta yi ƙarfi, an yi wata tsohuwar Beguwa da ke zaune a bakin kogin Marke. Ita ba ta yin abu da gaggawa, ko ƙofa ta rufe sai ta koma ta taɓa ta. Maƙwabcinta Gadu ne, ƙato mai kwalekwale, wanda bai taɓa yarda akwai kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Ta ukunsu ita ce Gafiya, wadda kumatunta ba sa rabuwa da abin tauna.

Wata safiya Belbela ta kawo wa Beguwa saƙo. 'Yar Beguwa, Ladingo, ta haihu a Tsibirin Gawo, jarirai uku, amma ambaliya ta tafi da rumbunsu. Mai jego tana wuni da yunwa.

Daga gidansu zuwa tsibirin tafiyar kwana biyar ce a ruwa, cikin ƙungurmin daji, babu gari babu tunga.

"Inna, ki shirya," in ji Gadu. "Ni zan kai ki."

"Da ni za a je barka," in ji Gafiya. "Zan riƙa kwashe muku ruwa daga cikin jirgi."

Maƙwabta suka tara gero, da wake, da ƙuli-ƙuli, da dakakkiyar kuka. Saura abin zubawa, wanda ruwa ba zai shiga ba, kuma namun daji ba za su ji ƙanshi ba. Sai suka nufi tashar kwalekwale wajen Baba Zalɓe, mai sayar da durorin roba.

Beguwa ta zaɓi ƙanana guda biyu. Ta shinshina cikinsu, ta zuba musu ruwa, ta rufe, ta kifa su a ƙasa don ta ga ko murfin yana yoyo. Sannan ta ɗora ɗaya a ka ta yi taku goma.

Gadu ya fashe da dariya.

"Inna, wasan yara muka zo? Ga duro can."

Ya nuna wani shuɗin duro mai zoben ƙarfe a baki, wanda ya fi shi tsawo.

"Yaro," in ji Baba Zalɓe, "ka taɓa bin kogin nan har ƙasa? Akwai wuri biyu da dole ku fita daga ruwa ku ɗauki kaya a ka. Na biyun matsirga ce, ruwa na faɗowa daga kan dutse. Wannan duron in ya cika, sai ƙarti uku."

"Ai ni ne ƙarti ukun, Baba."

"Ka leƙa cikinsa tukuna," in ji Beguwa. "Kana ganin gindinsa?"

"Me zan gani a gindin duro? Abinci zan zuba, ba kwana zan yi a ciki ba."

"Babba ya fi," in ji Gafiya, tana lasar baki. "Ni dai ina bayan Yaya Gadu."

Beguwa ta ga musun ba zai ƙare ba, kuma rana tana yi. Ta cika nata biyun da gero da kuka, sauran kayan duka, fiye da rabi, aka juye a na Gadu.

Tun ranar farko duron ya fara ba su wahala. Na Beguwa sun kwanta a tsakiyar jirgi, ta ɗaure su da igiya. Na Gadu kuwa ya ƙi kwanciya, sai a tsaye. In iska ta kaɗa sai jirgin ya karkata, ruwa ya shigo, Gafiya ta yi ta kwashewa tana mita.

"Hannuna ya gaji. A ba ni ƙuli-ƙuli in sami ƙarfi."

"Kin ci rabonki," in ji Beguwa. "Sauran na mai jego ne."

"Mai jego ciki nawa gare ta?"

"Huɗu. Nata da na jarirai uku."

Rana ta biyu suka isa wurin sauka na farko, inda duwatsu suka tsaga ruwan. Gadu ya ja kwalekwalen ta gefen gaɓa. Beguwa ta naɗa gammo ta kai nata ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan babban duro, Gadu ya ɗaura shi a baya da igiya, ya miƙe da kyar. Igiyar tana cin kafaɗarsa, amma da ya ga Beguwa na kallonsa sai ya fara fito.

"Mu rage kayan, mu yi sawu biyu," in ji ta.

"Ni ban ji komai ba," in ji shi, jini na tsatsafowa a kafaɗarsa.

Safiyar rana ta uku suka ya da zango a wani yashi don su karya kumallo. Gadu ya buɗe duronsa, ya zura hannu ya ɗebo ƙuli-ƙuli, ya bar murfin a ƙasa ya tafi shafa taɓo a ciwonsa. Beguwa ta shiga daji neman itace. Da Gadu ya dawo sai ya mayar da murfin, ya danne zoben ƙarfen, ya ɗora duron a jirgi.

"Ina Gafiya?" in ji Beguwa.

"Ba tare kuka tafi ba?"

Suka kira, shiru. Suka bi gaɓa sama da ƙasa. A bakin ruwa Beguwa ta tsinci ɗankwalin Gafiya, kuma kusa da shi ga sawun kada, sabo, ya ja ciki ya koma kogi.

Beguwa ta zauna a ƙasa daɓas. Ƙayoyin jikinta suka miƙe. Gadu ya tsaya yana kallon sawun kamar wanda aka dasa.

"Yanzu fa take nan," in ji shi a hankali. "Yanzu take roƙona ƙari."

"Kuma na hana ta," in ji Beguwa. "Shekaranjiya na hana ta ƙuli-ƙuli ɗaya."

Sun jira har rana ta take, sannan suka yi mata addu'a suka shiga jirgi. Ranar babu wanda ya nemi abinci. Washegari ma kunu kawai suka dama daga ƙaramin duron Beguwa, babu wanda ya taɓa babban.

Da hantsin rana ta huɗu suka fara jin rugugin matsirga tun daga nesa. Suka fito gaɓa. Hanyar da za a bi da kaya siririya ce, ta hau dutse, ta gangara ta ɗaya gefen, ga santsi ga ƙaya.

Gadu ya ja kwalekwalen ya kai ƙasa, ya dawo yana haki. Beguwa ta kai nata biyun. Saura babban duro.

Gadu ya ɗaura igiya ya yunƙura. Ya yi taku shida ya durƙusa. Ya sake yunƙurawa, ciwon kafaɗar ya buɗe, ya faɗi a gefe.

"Ɗana, ya isa," in ji Beguwa. "Mu buɗe shi. Ga buhuna a ciki, mu kwashe ɗaya-ɗaya, ko da za mu kai la'asar."

Sai da ta ɗaga murya sosai kafin ya ji ta, saboda ƙarar ruwan.

"In kwashe kaya ɗaya-ɗaya kamar tururuwa?" in ji Gadu. "A je a ce Gadu ya kasa? Ina da dabara. Duron nan a rufe yake ruf, ruwa ba ya shigarsa. Zan tura shi ta matsirga, mu tare shi a ƙasa."

"Abincin mai jego za ka jefa a kan duwatsu?"

"Roba ce, ba tukunya ba."

"Gadu, ka tsaya. Kamar na ji motsi."

"Ruwa ne kike ji, Inna."

Kafin ta ƙaraso ya sa haure ya tunkuɗe shi. Duron ya gangara, ya faɗa ruwa, ya juya sau biyu, ya ɓace a cikin kumfa. Can suka hango shi ya bugi dutse, ya tashi sama, ya sake buguwa.

Suka gangara da sauri. A ƙasan matsirgar suka same shi ya maƙale a saiwar wani marke, ya nutse fiye da rabi. Da suka jawo shi gaɓa, sai Beguwa ta ga ruwa na tsiyaya daga wata 'yar huda a ƙasan murfin.

"Dutse ne ya fasa shi," in ji Gadu.

Beguwa ta duba da kyau. "Wannan ba aikin dutse ba ne. Haƙori ne. Kuma daga ciki aka ci shi."

Gadu ya ɓalle zoben. Murfin ya faɗi. Ruwa ya kwararo da jiƙaƙƙen wake da yagaggun buhuna, sannan wani abu mai gashi ya biyo baya ya faɗo a kan yashi.

Gafiya ce. Cikinta ya kumbura kamar tulu, ido ɗaya ya rufe, ƙafarta ta baya ta karye.

Gadu ya ja da baya har ya faɗi zaune. Beguwa ta buɗe baki ta kasa rufewa.

Beguwa ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta kifa Gafiya ta danna mata baya, har ta amayar da ruwa ta fara tari.

"Ke," in ji Beguwa. "Mun yi miki addu'ar mamaci."

"Na ji ku," in ji Gafiya da kyar.

"Kin ji mu?"

"Shiga na yi in ɗebi kaɗan. Iska ta ɗauke mini ɗankwali ina hawa. Na kutsa ƙarƙashin buhuna, na ci, barci ya kwashe ni. Da na farka an rufe. Sai na huda wurin numfashi."

"Kina jin ina kuka, kika yi shiru?"

Gafiya ta sunkuyar da kai. "Kunya ce ta hana ni da farko. Daga baya kuma na ce bari in ƙara kaɗan, ai za ku buɗe. Ɗazu da na ji zancen turawa na yi ihu har muryata ta dishe, babu wanda ya ji."

Gadu kuwa hannuwansa kawai yake kallo.

"Ni na rufe ta," in ji shi. "Ni kuma na jefa ta. Da ta mutu, da hannuna ne."

Suka duba abin da ya rage. Ƙuli-ƙulin babu ko ɗaya. Waken da Gafiya ba ta ci ba ya jiƙe ya haɗu da ƙazanta, geron ya zama taɓo. Abincin da zai riƙe gidan Ladingo wata guda ya tafi.

Beguwa ta ɗaure ƙafar Gafiya da kara da tsumma. Suka bar babban duron nan a kan yashi. Gadu da kansa ya ɗauki ƙananan biyun ya kwantar a tsakiyar jirgi, ya ɗaure su, ya ja igiyar ya ga ta kamu.

Rana ta biyar da azahar suka isa Tsibirin Gawo. Ladingo ta fito tana dafa bango, ta rame har ƙasusuwanta sun fito, jariran suna kuka a ɗaki. Ta rungume uwarta, ta kalli durori biyun kamar an kawo mata duniya.

Beguwa ta buɗe su. Geron a bushe yake, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ta hura wuta ta dama kunu.

Ba ta ɓoye wa 'yarta komai ba, ta faɗa mata duk abin da ya faru. Ladingo ta saurara har ƙarshe. Da aka miƙo mata kwanon farko, ta riƙe shi, ta dubi Gafiya da ke kwance a kan tabarma da ɗaurarriyar ƙafa.

"Gwaggo, ke baƙuwa ce, kuma ba ki da lafiya," in ji ta. "Fara sha."

Ta ajiye mata kwanon a gaba.

Gafiya ta kalli kunun, ta kalli hannun Ladingo da ya zama kamar kara. Ta kai ludayi baki, amma maƙogwaronta ya ƙi haɗiya. Ta tura kwanon gaban mai jego, ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suna girgiza.

Gadu kuwa bai jira kunu ba. Ya roƙi fartanya a wajen mijin Ladingo, ya shiga fadama tonon gwaza da rogon daji. Kwana goma sha biyu ya yi yana tono da ciwon kafaɗa, har ruwa ya janye aka sami hanyar kawo abinci.

Darasin da ke cikin wannan tafiya shi ne, in za ka zaɓi abin ɗaukar kaya, zaɓi wanda za ka iya ɗagawa a ranar da ka gaji, kuma ka iya ganin abin da ke cikinsa. In ya fi ƙarfinka, faɗi gaskiya a raba kayan, domin girman kai yana sa mutum ya jefar da abin da bai san darajarsa ba. Kuma abincin da aka ajiye don mai buƙata, wanda ya ci shi a ɓoye zai zo ya zauna a gaban mai shi, ranar kuwa ko an ba shi da hannu biyu ba zai iya haɗiya ba.