Jamusancin Ɗan'inna a Gonar Dabino

Wallahi na san rabinku za ku ce ƙirƙira na yi, amma ku daure ku kai ƙarshe.

Akwai wani saurayi ɗan Maraɗi a Madina, ana ce masa Ɗan'inna. Yana aiki a wani ƙaramin kamfanin hoto da bidiyo a unguwar Sih. Kar ku zaci shi ke riƙe kyamara. Fitilu yake lodawa a mota, ya naɗe wayoyi, ya dafa shayi. Sai dai baki gare shi kamar rediyo, kuma ya sha alwashin ba zai tsufa yana naɗe waya ba.

Rannan mai kamfanin, Alhaji Saifuddeen, ya ce wasu Jamusawa za su zo ɗaukar fim ɗin girbin dabinon ajwa a wata gona a yankin Awali. Ɗan'inna ya tasa wayarsa gaba, ya haddace abin da ya samu: "Genau," wato haka ne. "Alles klar," wato na gane komai. "Kein Problem," babu matsala.

"Ya mudir, ai Jamusanci a bakina yake," ya ce wa Alhaji. "Na yi yawo da su a Agadas."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Tayyib. In ka fitar da ni kunya a wannan aikin, ka gama naɗe waya. Kai za ka riƙa jagorantar baƙina."

Ranar aiki Alhaji ya tafi karɓo tasrihi, wato takardar izinin ɗaukar fim, ya bar baƙi a hannun Ɗan'inna. Shugabansu wani dogon Bajamushe ne da ya musulunta, Abdulmajid. Da ya ji an samu mai jin yarensu, sai ya ajiye Turancin da yake yi da Alhaji, ya saki Jamusanci.

Su mutanen nan suna da tsarinsu. Kafin a taɓa kyamara, kowa zai tsaya a da'ira, ba zama, ba shayi. Shugaba ya gaya wa kowa inda zai tsaya da lokacin da zai motsa. In ya gama sai ya ce "Fragen?", wato akwai tambaya, ya yi shiru yana kallon idon kowa. Wanda bai tambaya ba, ya ɗauki nauyi ke nan. Mu kuwa kun san halinmu, a ce wa babba ya maimaita magana ai kamar zubar da girma ne.

Ga abin da Abdulmajid ya faɗa. An riga an girbe gonar, nonon dabino ɗaya tak mai gona ya bari saboda fim. Baba Bakri, tsohon Bahaushen Sudan mai hawan dabino, zai hau ya zauna a sama ya jira. Kada lauje ya taɓa nonon sai mai kyamara ya ce ta fara ɗauka, shi kuma Abdulmajid ya ɗaga hannu.

Ko kalma ɗaya Ɗan'inna bai tsinta ba. Da aka zo wajen tambaya, idon Abdulmajid ya daɗe a kansa. Sai ya tuna wayoyin da ke jiransa a Sih.

"Alles klar," ya ce, har da buga ƙirji.

Ya juya wajen tsoho. "Baba, Bature ya ce labarin saurinka ya kai ƙasarsu. Ka hau ka nuna musu."

"Ya zol, duk doguwar maganar nan iyakarta ke nan?"

"Haka Jamusanci yake, Baba. Rabinsa gyaran murya ne."

Baba Bakri ya ji an yabe shi. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bismillah, ya haye kamar ɗan shekara ashirin. Mai kyamara yana durƙushe yana ɗaure ƙafafunta, sai ga nonon ajwa yana saukowa a igiya, an yanke shi tsaf.

Mai kyamara ya ɗago, bai ɗauki komai ba.

Abdulmajid ya tako a hankali, ya yi wa Ɗan'inna wata tambaya.

"Genau," in ji Ɗan'inna.

Ya sake wata.

"Kein Problem."

A nan motar Alhaji ta shigo. Suka yi magana da Abdulmajid da Turanci, sannan Alhaji ya juyo, fuska ba annuri.

"Ya tambaye ka ko da gangan ka sa aka yanke, ka ce haka ne. Ya ce ka san ka kashe musu aikin yau, ka ce babu matsala. Kai Ɗan'inna, kalma nawa ka sani?"

Ɗan'inna ya kalli ƙasa. "Waɗanda na faɗa ɗin nan, ya mudir. Sun ƙare."

Abdulmajid ya sa Alhaji ya fassara masa. Ya ce rashin jin yare bai dame shi ba, shi ma Larabcinsa na salla ne kawai. Abin da ya ɓata masa rai, ya tsaya ya jira tambaya, aka ce masa an gane. Sannan ya sa Ɗan'inna ya maimaita a gaban kowa: "Noch einmal, bitte." Wato don Allah a sake faɗi.

"Maganar jagorantar baƙi, khalas, ta ƙare," in ji Alhaji. "Yanzu ka bi gonakin Awali ƙofa-ƙofa da ƙafarka, ka nemo mana dabinon da ba a girbe ba kafin gobe. Wanda ya tambaye ka dalili, ka faɗa masa gaskiya da bakinka."

Rana ta take, katangun gonaki kamar tanda. Ɗan'inna ya naɗa ƙyalle a ka, ya cika gora da ruwa, ya ce ko takalminsa zai narke ba zai dawo hannu rabbana ba. Ya kai bakin ƙofa, Baba Bakri ya kira shi daga gindin dabino, yana taunar ajwa.

"Ya zol, in mai gona bai ji Larabcinka ba, ka gwada masa Jamusanci."

Darasi: "Ban gane ba, a maimaita" ba ta rage wa kowa girma a wurin aiki. "Na gane" ta ƙarya ita ke raba mutum da damar da ya daɗe yana nema. Ku tura wa ɗan'uwan nan naku mai gyaɗa kai a kowane taro, kun san shi.