Shaddar da ke ƙarƙashin gwanda

An yi wani mutum a wani gari can da, sunansa Jatau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Igiya yake tufkawa ya kai kasuwa. Ƙanensa ya rasu ba a kai ga raba gidan ubansu ba, ya bar mace, Kande, da yara ƙanana. Sai aka sa ranar rabo.

Ku saurara ku ji yadda filin yake. Gabas marmara ce, ja, mai tauri, ko ciyawa ba ta kama ta. Yamma baƙar ƙasa ce mai laushi, ga gwanda, ga zogale, ga kabewa tana yaɗo ba mai ba ta ruwa. Jatau ya riga ya jera tubalinsa a kan marmarar, can yake nufin gina wa matarsa Tabawa ɗaki, don a bukkar zana suke kwana.

Mai unguwa ya zo da igiyar awo. Kande ta zo da yayanta Sallau. Ta nuna wajen gwandar ta ce nan take so, ga ɗaki ga lambu. Har ta kafa turaku inda gadon yara zai zauna.

Jatau ya dubi wajen gwandar. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san wurin. Yana yaro akwai tsohuwar shaddar gidan a nan, rami mai zurfi, da aka daina shiga aka shimfiɗa azara a kai, aka zuba ƙasa. Abin da ke ƙasa shi ke ciyar da gwandar.

Ya ce, "Kande, kada ki yi gini nan. Rami ne a ƙasa."

Sallau ya ɗauki fartanya ya sara nan, ya sara can. Ƙasa ce kawai. Ya yi dariya. "Malam Jatau, ramin a ƙasa yake ko a cikinka? Nuna mana bakinsa."

Jatau bai iya nunawa ba. An daɗe, katanga ta sauya wuri. Ya rantse, ba wanda ya yarda.

To, a garin nan babba ne ke fara zaɓe. Jatau ya dubi turakun nan. Ya dubi yaran suna wasa a gindinsu. Ya ce wa mai unguwa, "Na zaɓi yamma."

Kande ta ce, "Yaya, marayun ɗan'uwanka?"

Ya ce, "Ki ɗauki marmarar. Tubalin ma na bar miki."

Jama'a, daga ranar sunansa ya ɓaci. A masallaci mutane suka riƙa matsawa daga kusa da shi. A kasuwa aka daina sayen igiyarsa. Kande ta hana yara gaishe shi. Tabawa ta ce, "Malam, ka ƙwace filin, ka kuma ƙi ginawa. Damina ta zo muna cikin zana. Me muka samu?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Kuma kada ki shanya komai wajen gwandar."

Kande ta gina ɗakinta a kan marmara. Ruwa ya yi ta dukansa, bai ko tsage ba.

Ana cikin marka, wata rana da hantsi, akuyar Tabawa ta tsinke ta shiga cin ganyen kabewa. Sai aka ji ƙara kamar an kayar da katanga. Mutane suka fito a guje. Babu gwanda. Babu akuya. Ƙasa ta buɗe baki, rami baƙi ƙirin, ga guntayen azarar da gara ta cinye, ga wari ya cika unguwa. Turke ɗaya cikin na Kande yana lilo a bakin ramin.

Sallau ya leƙa, ya ja da baya yana salati. Kande ta zo da goyo. Ta dubi turken, ta dubi yaranta, ta zauna cikin taɓo.

Ta ce, "Yaya, nan ne gadonsu."

Jatau ya ce, "Na sani. Sallau, miƙo igiya, akuyar tana da rai."

Bai ce wa kowa na faɗa muku ba.

Ga darasin, ba sai an yi nisa ba. Bawan Allah nan ya faɗi gaskiya, aka ƙi. Da ya tsaya nan, da ba mai zarginsa. Sai ya ba da filinsa da sunansa don yaran da aka hana gaishe shi su kwana lafiya. Mu fa? Nawa ne cikinmu suka cike kududdufi da shara, suka daddaɓe, suka sayar wa baƙo ya gina? Nawa suka haƙa shadda a rairayi dab da rijiyar maƙwabci suka yi shiru? Wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa, amana ce a wuyansa. Ya faɗa. In an ƙi ji, ya tare da abin da yake da shi. Allah ya ba mu ikon yi.