Sanarwar da Salanieta Ta Rubuta da Hannunta

Kwana tara ke nan ina yawo da wata damuwa. Da safe ina zuwa wurin aiki, in tsaya gaban injin da lemo ke wucewa ina tsince ruɓaɓɓu, da yamma in dawo gida in dafa rogo, in ci ban san na ci ba. Ba zan iya faɗa muku damuwar ba sai na fara ba ku labarin wata mata. Na sauya sunayen mutanen, dalilin haka zai fito a ƙarshe.

Salanieta, wadda muke kira Sala, ta yi shekara goma sha shida tana karanta labarai a gidan rediyo a Suva, babban birnin ƙasarmu Fiji, kafin ta tsallako teku ta zo nan garin Griffith. Duk wanda ya taso a Fiji ya san muryarta ko da bai san fuskarta ba. Mace ce mai kirki, mai buɗaɗɗen hannu, ba a rasuwa ko suna a cikinmu 'yan Fiji ba ta zo da tukunyarta ba. Aibinta guda ne: ba ta iya zama a ƙasan kowa, kuma in alheri ya same ta, ba ta jin ya tabbata sai kowa ya ji labari.

Wani kamfanin matse ruwan lemo ne ya kawo ta, ya ba ta aikin jami'ar watsa labarai. Ta zo da mijinta Apisai, wanda ya samu aiki a masana'antar kaji, da 'yarsu Mereoni. Tun makon farko lauyar da ke riƙe da takardunsu, Misis Petrakis, ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla.

"Shekara biyu za ki yi a wannan aikin da aka rubuta a bizarki, shi kaɗai. In kin cika, kamfani zai tsaya miki a nemi takardar zama na dindindin, ke da iyalinki. Kuma dole mu shigar kafin ki cika arba'in da biyar. Kina da lokaci, amma ba ki da rara. Ko kujera za su sauya miki, kira ni tukuna."

Sala ta yi dariya ta ce ta ji.

Aikin ta iya shi. Ita ke rubuta sanarwar kamfani, ita ke amsa 'yan jarida, ita ke tsayawa gaban manoma in farashi ya faɗi su huce a kanta. Amma teburinta yana lungu kusa da injin kwafin takardu, kuma ranar Lahadi bayan coci, in mata sun zauna a tabarma ana raba gwaza da kifi, ba a rasa mai tsokana.

"Sala, da can labarin majalisa kike karanta mana," in ji Unaisi, wata tsohuwar ƙawarta mai kaifin baki. "Yanzu fa? Yau lemo ya ce me?"

"Ya ce ki rage ci, kujerar coci tana kuka," Sala ta mayar mata.

Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Saura wata biyar ta cika shekara biyu, manajan sashen sayar da kaya ya ajiye aiki ana tsakiyar kakar lemo. Mai kamfanin, Mista Dalton, ya kira ta ofis.

"Sala, ke kaɗai ce masu saye suke sauraro. Ki riƙe sashen. Ofis naki, mota taki, mutum tara a ƙarƙashinki. A takarda mu bar sunan aikinki yadda yake har wata biyar ɗin nan su wuce. Ba wanda zai zo ya leƙa."

Da ta koma gida ta tarar da Apisai a bayan gida yana wanke takalman aikinsa. Ya saurare ta har ta gama, hannunsa cikin bokiti.

"Maman Mere, kin kira matar nan?"

"Wace mata?"

"Kin san wadda nake nufi."

"In na kira ta me za ta ce? Ta ce in jira. Kafin nan an ba wani yaro da ni na koya masa rubuta wasiƙa, in koma ina ce masa ranka ya daɗe."

"To ki ce masa. Ni kaji nake ce wa ranku ya daɗe tun asuba, ban mutu ba."

Ba ta yi dariya ba. Ya girgiza takalmin ya jingine shi a bango.

"Wata biyar ne, Sala. Yarinyar nan saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare."

Ba ta kira lauyar ba, don ta san amsar da za ta ji. Ranar Litinin ta kwashe kayanta daga lungun ta shiga sabon ofis.

A wannan kamfanin, duk wanda aka ƙara wa girma sai an fitar da sanarwa da hotonsa a shafin kamfani, a aika wa jaridar gari. Sala ce ke rubuta su. Ta rubuta wa mutum goma sha ɗaya. Mista Dalton ya ce nata a bar shi sai daga baya, ta ce to. Ta yi mako biyu tana shiga ofis tana fita, ba wanda ya sani a waje. Ranar Lahadi Unaisi ta sake tambayarta lafiyar lemo. Washegari Sala ta rufe ƙofar ofis ta rubuta sanarwar, ta sa ta cikin takardun da maigidan zai duba, ya sa hannu yana magana a waya.

Na karanta sanarwar nan, kowa ya karanta. Ba ta taɓa rubuta abin da ya kai ta daɗi ba. Ta faɗi shekarunta a rediyo, ta faɗi ƙauyen mahaifinta, ta kuma faɗi cewa daga ranar ɗaya ga watan Yuni ta miƙa aikin watsa labarai ga wata, ta kama ragamar sashen sayar da kaya. A hoton tana sanye da abin wuya na furanni. Coci ta shirya mata godiya, aka haƙa rami aka gasa nama da gwaza, maza suka zauna zagaye da kwanon kava, abin shanmu na gargajiya, fasto ya karanta sanarwar daga jarida. Unaisi ce ta fara tashi rawa. Apisai ya zauna a ƙarshen tabarma, duk kofin da aka miƙo masa ya tafa ya karɓa ya shanye.

A watan Nuwamba aka shigar da takardu. A ciki akwai wasiƙar kamfani da ke shaida cewa ta yi shekara biyu cur tana aikin watsa labarai. Ita ma Sala ce ta rubuta ta, wa ya fi ta iya rubutu a kamfanin? Misis Petrakis tana Sydney, ba ta karanta jaridar Griffith. A watan Fabrairu Sala ta cika arba'in da biyar, aka yanka kek.

A watan Mayu lauyar ta ce ta zo. Sala ta yi tafiyar awa shida a mota, ta zauna a ofishin, aka ajiye mata takarda biyu a kan tebur, wasiƙar a dama, sanarwar a hagu. Hukumar shige da fice ce ta turo su tare, tana neman bayani.

"Wacce ce gaskiya a cikinsu?" in ji Misis Petrakis.

Sala ta dubi hotonta da furannin. Ta lura da wani waƙafi da ta sa a inda bai dace ba, ta daɗe tana kallonsa.

"Ta hagu."

"Wa ya rubuta ta?"

"Ni."

"Ta dama fa?"

"Ni."

Lauyar ta cire tabarau ta goge. "Da kin kira ni a watan Yuni, da minti biyu sun ishe mu. Zan rubuta musu amsa, amma ba ni da abin da zan ce wanda ya fi abin da kika riga kika ce. Kuma in suka ƙi, ba sauran sake nema. Shekarunki sun wuce."

Suka ƙi. Mista Dalton ma aka aiko masa da tasa wasiƙar, daga ranar ya daina haɗa ido da ita. Sala ba ta yi kuka ba. Ta koma gida ta shanya wanki, ta kwashe, ta sake shanyawa. Apisai bai taɓa ce mata ai na gaya miki ba. Ta ce da ya faɗa da ta fi samun sauƙi.

Ni na taya ta haɗa kaya. Wata safiyar Asabar muna naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu, Mereoni ta tafi wasan ƙwallo, ta ba ni labarin nan duka da murya ɗaya, kamar tana karanta yanayin sama. Da ta gama ta riƙe hannuna.

"Ke kaɗai kika sani, sai Apisai. Mere ma ba ta sani ba, tana ganin za mu dawo. Ki bar ni in gaya mata da kaina in na samu ƙarfi. Ki yi mini alkawari."

Na yi mata.

Washegari a coci ta miƙe da muryar nan tata ta rediyo, ta sanar da cewa takardarsu ta fito, amma mahaifiyarta ba lafiya a Nausori, can gida Fiji, za su je jinya su dawo. Aka tafa. Unaisi ta rungume ta. Shekara guda da rabi ke nan.

To ga damuwata. Ina da 'ya, Vasiti. Na bar ta wurin kakarta tana shekara tara na taho nan, kafin takarduna su daidaita ta wuce shekarun da zan sa ta a ciki. Shekara ashirin muna gaisawa ta waya. Daga baya wani kamfanin gidajen kula da tsofaffi a garin Wagga, ba nisa sosai da nan, ya ɗauke ta aikin watsa labarai, ya tsaya mata. Yanzu duk Asabar tana zuwa ta kwanta a kujerata ta ce abincina gishiri ya yi yawa. Saura mata wata bakwai a shigar mata da neman takardar zama. Kwana tara da suka wuce ta ce an yi mata tayin riƙe wani reshe, a takarda kuma za a bar sunan aikinta yadda yake.

Na ce ta kira lauya. Na ce ta jira.

"Mama, ke komai tsoro," in ji ta, tana ɓare lemo. "Gwaggo Sala ba haka ta yi ba? Har a jarida aka buga. Me ya same ta? Ba a ba ta takardarta ba?"

Na kira Nausori sau uku. A na ukun Sala ta ɗauka, ta saurara, ta ce, "Kin yi mini alkawari," sai na ji ƙarar kaji a bayanta, sai layin ya mutu. Vasiti da Mereoni kuwa kullum suna hira a waya, abin da ɗaya ta ji da safe ɗayar ta ji kafin azahar. Ranar Litinin Vasiti za ta ba su amsa.

Darasin da na gani a nan shi ne, wata biyar na haƙuri a lungu ya fi ofis da mota da furanni a wuya, kuma duk abin da sai an rubuta wani abu daban a takarda kafin a ba ka shi, ba naka ba ne tukuna. Sala ta rasa zaman iyalinta don ta kasa jira, ta kuma kasa yin shiru. Sannan ƙaryar da mutum ya yi don rufin asirinsa ba ta tsayawa a kansa, tana nan bayan ya tafi tana koya wa 'ya'yan wasu hanyar da ta kayar da shi. Wannan duka na gane shi. Abin da ban gane ba shi ne nawa. In na yi magana, yarinya a Nausori za ta ji daga bakin wata cewa ba za ta dawo ba, kuma na ci amanar matar da ta riƙe hannuna. In na yi shiru, tawa 'yar za ta iya komawa muryar waya. Ku da kuka karanta, ku gaya mini, me zan yi kafin Litinin?