Amsar Da Ta Makara Shekara Goma Sha Bakwai

Akwai wani mutum da ke zama a barandar da ke kallon ofishin karɓar ƙorafe-ƙorafe, yana rubuta wa mutane takardun koke. Mai Tafireta kowa ke ce masa. Teburi ɗaya gare shi, da benci mai ƙara duk lokacin da aka zauna, da tsohuwar tafireta wadda harafin "k" ɗinta ke fitowa a karkace. Shagunan kwamfuta sun cika layin, amma mai son takardarsa ta yi cizo wurinsa yake zuwa.

Mutumin ya iya, wannan ba musu. Matsalar ita ce ya san ya iya.

Yakan ce wa maƙwabcinsa mai ɗaukar hoton fasfo, "Ni ban taɓa rubuta ƙarya ba. Gaskiya nake jerawa, in sa wadda nake so a gaba, in bar wata a gida. In fara da ladabi har mai karatu ya saki jiki. In maimaita kalma sau uku ta zauna masa a kai. Sannan in jefa tambaya in yi shiru. Wa ka taɓa jin an ɗaure saboda tambaya?"

A sana'arsu, in an gama takarda sai an karanta wa mai ita da murya kafin ya dangwala yatsa. Nan ne ya fi so. Yakan gyara murya ya karanta har mai ƙorafin ya fashe da kuka don tausayin kansa.

Wata Litinin da safe 'yarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta, ta zo idonta a kumbure. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti.

"Baba, an dakatar da ni. An shigar da takarda a kaina. Ranar Alhamis zan tsaya gaban kwamiti, in ban gamsar da su ba shi ke nan aikina."

Ya yi dariya. "Takarda? 'Yata? Kawo in gani. Zan rubuta musu amsar da sai sun ba ki haƙuri a tsaye."

Ta miƙa masa kwafin. Bai kai layi na huɗu ba dariyar ta ɗauke.

"Jarirai uku sun rasu a shekara guda. Ɗaki guda, gado guda, hannu guda. Mu ba mu ce komai ba. Tambaya kawai muke yi: jariri na nawa ake jira?"

Kalamansa ne. Shekara goma sha bakwai da suka wuce ya rubuta su a kan wata ungozoma, lokacin da wani mutum da ya rasa jaririnsa ya zo masa a gigice. Takardar ta yi aiki, an kori matar cikin mako guda. Don alfahari ya riƙa raba kwafinta ga masu koyon sana'a, yana cewa su ga yadda ake rubutu. Wannan zai iya bayyana yadda kalaman suka yi yawo har suka dawo. Abin da bai gane ba shi ne tawadar sabuwa ce, kuma duk "k" ɗin da ke ciki a karkace yake, har a layin da aka sa sunan 'yarsa.

"Baba, uwayen jariran nan sai da suka galabaita a gida aka kawo su," in ji Auta. "Ba wanda ya rubuta wannan."

Ya ce ta je gida, zai neme ta. Bai iya kallon idonta ba.

Ya sa takarda a inji ya fara. Ya yaga. Ya sake, ya yaga. Duk dabarar da ya ɗauko, sai ya ga tambayar nan tana tsaye ba ta motsa ba. Shi ya gina ta yadda ba za ta amsu ba, ga shi yau ita ce a wuyan 'yarsa.

Rana na tsakiyar kai sai ya lura hayaniyar layin ta yi nisa, kamar an toshe masa kunne. Ya ɗaga kai. Wata dattijuwa na zaune a kan bencin, hannayenta a kan cinya. Bai ji zuwanta ba, kuma bencin bai yi ƙara ba.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta. "Amsa nake so a rubuta mini."

"Mama, yau ba na karɓar aiki."

"Na yi ta jira. Ba za ta ɗauke ka lokaci ba, ai ka san takardar." Ta nuna kwafin da ke gabansa da haɓa.

Ya dube ta da kyau. Bai taɓa ganin fuskar matar da ya rubuta a kanta ba, ko sau ɗaya, amma jikinsa ya ba shi ungozomar nan ce. Gumi ya karyo masa, ga iska mai sanyi tana fitowa daga inda take zaune.

"Ka ce uku," ta ce a hankali. "Gaskiya ne. Haihuwa nawa na karɓa a shekarar?"

"Ban tambaya ba."

"Ɗari uku da goma sha biyu. Rubuta."

Ya fara bugawa. Sabo ya ja shi, ya sa "wannan baiwar Allah mai hannun albarka, wadda ta sadaukar da rayuwarta".

"Cire," in ji ta. Ba ta ma leƙa takardar ba. "Ba roƙo na zo yi ba. Rubuta ƙarfe nawa aka kawo mai naƙuda ta farko, da kwana nawa ta yi tana naƙuda a gida. Rubuta cewa ta biyun jininta ya riga ya zuba a hanya."

Ya rubuta. Jimloli gajeru, ba ado, irin waɗanda da yake raina masu koyo a kansu.

"Ta ukun kuma na yi jinkirin tura ta babban asibiti da awa guda. Na ɗauka zan iya. Rubuta wannan ma."

"Mama, wannan zai cutar da ke."

"In ka ɓoye wanda ke kaina, don me za su yarda da wanda ke gefena?"

Ya rubuta. Da ya gama ta ce, "To, karanta mini, kamar yadda kuka saba."

Ya karanta. Muryar nan tasa ta wasan kwaikwayo ta ƙi fitowa, sai wata 'yar siririya. Da ya kai ƙarshe ta gyaɗa kai, ta danna babban yatsanta a tawada ta dangwala.

"Kullum mai ƙara kake karanta wa," ta ce. "Da ka taɓa karanta wa wanda aka kai ƙara, da ka ji yadda take sauka."

Ya sunkuya ya gyara takardar a kan teburi. Da ya ɗago, benci babu kowa, hayaniyar motoci ta dawo gaba ɗaya.

Mai hoto ya leƙo. "Lafiya? Tun ɗazu kake ta surutu kai kaɗai."

Mai Tafireta ya dubi takardar. Shatin yatsan na nan, tawadar ba ta bushe ba, da wani tabo da ya ratsa tsakiyarsa.

Da yamma ya je wurin Auta, ya zauna kamar ɗalibi. Haihuwa nawa kika karɓa? Ƙarfe nawa aka kawo su? Ina kika yi kuskure? Ta yi kuka kafin ta amsa ta ƙarshen. Ya rubuta duka, bai ƙara gishiri ba.

Ranar Alhamis kwamiti ya karanta, ya duba rajistar asibiti, ya ga komai ya yi daidai. Aka ja mata kunne a kan abu ɗaya, aka mayar da ita bakin aiki.

Washegari ya yi ta tambaya har ya gano gidan dattijuwar. Ɗanta ne ya fito.

"Mahaifiyarmu? Ai shekara goma sha ɗaya da rasuwarta." Ya karɓi takardar mai shatin yatsa ya karanta a tsaye. "Tun da aka kore ta ba wanda ya ƙara miƙa mata jariri. Har matata ba ta bari ta ɗauki jikanta ba. Takan zauna nesa tana kallonsa."

Idonsa ya kai kan shatin yatsan. "Wuƙa ta taɓa yanke ta a nan," ya ce. "Ina ka samo wannan?"

Mai Tafireta ya durƙusa a ƙofar gidan ya yi kuka irin wanda bai taɓa sa wani ya yi ba.

Bayan mako biyu ya biya asibiti don ya ga Auta a bakin aikinta, ransa ya yi sanyi. Yana tsaye a baranda aka shigo da wata mai naƙuda. Auta ta taho da sauri ta miƙa hannu za ta riƙe ta. Uwar matar ta shiga tsakani.

"A kira mana wata."

"Mama, ai an bincika, an wanke ni."

"Na ji," in ji tsohuwar. "Ni ban ce komai ba, 'yar nan. Tambaya kawai nake yi. Na nawa ake jira?"

Auta ta janye hannunta a hankali. Ta juyo, suka haɗa ido da mahaifinta. Mutumin da bai taɓa rasa kalma ba ya buɗe baki, babu abin da ya fito.

Darasi: Iya magana amana ce. Kana iya jera gaskiya zalla ka zalunci mutum da ita, in ka ɓoye rabin da ba ya yi maka daɗi. Kafin ka rubuta abin da zai motsa zukatan jama'a a kan wani, ka tambayi kanka ko za ka iya karanta masa a gabansa, domin kwamiti na iya soke takarda, amma ba ya iya cire ta daga kan mutane. Ku tura wa duk wanda kuka san hannunsa na saurin rubutu a kan mutane.