Saƙon da Ya Tsaya a Cikin Gida

Akwai wani maigida a wani ƙauye mai duwatsu, inda sabis ba ya kaiwa sai ta eriyar intanet da aka kafa a kan rufi. 'Yarsa tana kwance a asibitin birni, za a yi mata aiki, mijinta kuwa ya yi alkawarin aiko da saƙo da zarar an fito da ita.

Hantsi ya yi, rana ta take, shiru. Maigida ya kasa cin abinci. Ya shiga, ya fita, yana duba wayarsa, yana zargin kamfanin intanet, yana zargin surukinsa. Matarsa dai tana zaune ta yi tagumi.

Sai ya kira mai gyara. Mutumin ya buɗe kwamfutarsa, ya ce zai riƙa aika ɗan saƙon gwaji zango zango, inda bai dawo ba, nan hanya ta yanke. Ya aika birni, bai dawo ba. Ya aika wa akwatin intanet da ke ɗakin maigida, nan take ya dawo. Ya aika wa eriya, shiru.

Ya ce, "Baba, matsalar ba ta birni ba ce. Tsakanin ɗakin nan da eriya take. A kan rufin wa aka kafa ta?"

Maigida ya sunkuyar da kai. A kan rufin ƙanensa take. Shekaranjiya sun yi faɗa a kan iyakar gona, cikin fushi ya fizge kebul ɗin da ya haɗa sassansu, wai don ya hana ƙanen amfani da intanet. Bai san ta nan saƙo ke shigo masa ba.

"Ba wata hanya?" in ji maigida.

"Babu, Baba. Sai an shiga sashensa."

Sa'an nan maigida ya ɗauki kebul ɗin, ya je ya yi sallama a ƙofar ƙanensa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: sau da yawa mukan yi addu'a mu ji shiru, sai mu ce Ubangiji ya yi nisa. Bai yi nisa ba. Kafin ka zargi sama, gwada zangon da ke kusa. Akwai wanda ka daina gaisarwa? To, kada ka bari rana ta faɗi, gama ba ka san labarin da ke jiran shigowa ta ƙofarsa ba.