Bijimin Nomau a Mararraba

Ku gyara zama, ku bar musun ƙwallon nan tukuna. Ni ma na ga gasa a zamanina, kuma wadda zan ba ku labarinta ba kofi aka ci a cikinta ba, gidaje uku aka rushe. Idan na kai ƙarshe zan yi muku tambaya, kuma ba mai tashi sai ya ba ni amsa, har da kai mai gyangyaɗin nan.

Akwai garuruwa biyu, Tudun Marke da Gangaren Gawo, rafi ne kawai tsakaninsu. Duk shekara idan hatsi ya shiga rumbu, mahautan garuruwan sukan haɗu a fage su kwana uku suna dambe. Ranar ƙarshe kowane gari ya fitar da gwaninsa guda ɗaya. A wannan karawar babu kunnen doki. Ana yi ne har sai hannun wani ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, garinsa kuma ya shekara kai a sunkuye.

Gwanin Tudu shi ne Nomau, ɗan Sarkin Pawa Jatau. Shekara bakwai a jere yana kai mutanen Gangare ƙasa. Amma ku ji wani abu, shi Nomau dambe bai taɓa kwanta masa a rai ba. Da za a bar shi, lambun albasarsa na bakin rafi ya ishe shi duniya. Ubansa ne ya naɗa masa zare a hannu tun bai san dama da hagu ba. Shi Jatau ya yi bakwai a zamaninsa, a ta takwas wani Kwasau na Gangare ya shimfiɗe shi gaban surukansa. Shekara talatin ke nan, bai ƙara tsallaka rafin nan ba. Ba mugu ba ne, wallahi, mutum ne mai kyauta, ba a zuwa rumfarsa a koma hannu rabbana. Abu ɗaya ne kawai ya ci masa zuciya, shi ne takwas ɗin nan da bai cika ba.

To a karawa ta bakwai Nomau ya sha wani naushi a bayan kunne. Ya yi nasara, amma tun daga ranar kansa bai koma daidai ba. In ya sunkuya jiri ya kwashe shi, in ya dubi mutum ɗaya sai ya ga biyu, wani lokaci ya tashi da safe ya tarar jini ya fito ta kunne. Ya fake da sayen shanu ya tafi asibitin birni. Likita ya ɗauki hoton kansa, ya nuna masa tsaga a ƙashin, ya ce masa ba tare da kwana-kwana ba, naushi ɗaya a wurin nan, sai dai a ɗauki gawa.

Nomau ya dawo ya durƙusa gaban ubansa ya faɗa masa komai. Tsohon ya daɗe yana wasa wuƙa bai ɗago ba. Can ya ce, “Na ji. Ni ma kaina ya yi jini, ga ni ban mutu ba. Ka cika mini takwas ɗin nan, ni da hannuna zan kwance maka zaren. In kuwa ka ƙi fita, ban yafe maka ba duniya da lahira, kuma kada in gan ka a kan gawata.”

Ku da kuke dariyar cewa da ku ne sai ku gudu Legas, ba ku san abin da kalmar nan take yi wa ɗa ba. Nomau ya tashi ya fita. Ya auna mutuwa, ya auna fushin uba, ya ga mutuwa ta fi sauƙi. Ya ninke takardar likita ya cusa a ƙarƙashin katifa, ya ci gaba da horo kamar ba komai. Tsoro kuwa yana nan, yana cin sa kullum, ba wanda zai gaya wa.

Yanzu ga abin da ya gudana a bayan idonsa, wanda bai ji ba sai daga baya.

Matarsa Tasalla ita ke wanke rigar matashinsa, ta kuwa gaji da ganin jini. Ta binciko takardar, ta kai wa wani mai kemis ranar kasuwa ya karanta mata. Ta roƙi mijinta da kuka kada ya shiga fage, ya ce ta rufe masa baki. Ta san zuwa wurin surukinta ɓata yawu ne. Sai ta yi abin da matar ɗan dambe ba ta taɓa yi ba a ƙasar nan. Saura kwana biyar gasa, da rana tsaka, ta tsallaka rafi ta nufi gidan abokin karawar mijinta. A wurinsu, duk matar ɗan dambe da aka gani a garin abokan gaba gab da gasa, fassara ɗaya ce: ta kai ƙasar sawun mijinta ne a yi masa asiri. Ta san haka sarai, ta tafi.

Gwanin Gangare na shekarar Cindo ne, saurayi mai jini a jika, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Kuma ɗan wa? Ɗan Kwasau, wanda ya shimfiɗe Jatau. Shi ma nasa uban yana kansa dare da rana, yana cewa gidansu bai taɓa durƙusa wa gidan Jatau ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Tasalla ta zube gaban saurayin ta miƙa masa takardar. Cindo ya duba ta ko'ina bai ga mafita ba. In ya ce ba shi da lafiya, Gangare za su fitar da wani, shi kuma wannan ba ruwansa da kan kowa. In ya shiga, ba a tashi sai wani ya faɗi. Ke nan shi ne zai faɗi. Sai ya ce mata, “Na yi miki alkawari ba zan taɓa kansa ba. Amma in aka kaɗa takena ban san kaina ba. Tsuma nake yi, hannun ne ke tafiya da ni. Ki je ki ga Tunau.”

Tunau shi ne makaɗin fagen, dattijo mai kalangu, mutumin wani ƙauye Tsamiyar Makaɗa. Garuruwan biyu sun yarda da shi kaɗai, saboda ba ya fifita kowa, tun kakansa ma haka suke. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da in ya ji shi gashin jikinsa ya tashi, idonsa ya rufe. Makaɗi ya kaɗa wa ɗaya ya hana ɗaya, daidai yake da ya zagi uwar gari guda a bainar jama'a. Tunau ya saurari Tasalla har ta gama. Ya ce shekara arba'in yana kiran maza cikin fage, biyu sun mutu yana kaɗawa, har yau yana ganin fuskokinsu. Ya ce ta tafi gida, ba za a yi na uku ba.

Kafin ta iso gida labari ya riga ta, don mata masu wanki a rafi sun gan ta. Jatau ya tara dangi a tsakar gida, aka tsare ta da tambaya, me ta kai Gangare, nawa suka ba ta. Ta yi gum. In ta faɗi gaskiya magana ta fasu, a cire Cindo a sa wani, duk wahalarta ta tashi a banza. Nomau yana tsaye, kansa na sara, idon ubansa na kansa, kuma a ransa ya yarda cewa matar da ya amince wa ta sayar da shi a makon mutuwarsa. Baƙin ciki ya rufe shi. Nan take ya yi mata saki uku. Aka karɓe 'yarsu mai shekara uku daga hannunta. Ta ɗauki ƙullin kayanta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce masa Allah ya ba shi sa'a, ta kama hanyar garinsu, Rafin Kanya.

Ranar ta zo. Bayan la'asar fage ya cika maƙil, har kan bishiyoyi. Jatau da kansa ya naɗa wa ɗansa zare a hannun dama, yana ja yana ƙullewa. Nomau ya yi kalmar shahada a ɓoye. Tunau ya kaɗa takensa, mutanen Tudu suka ɗauki sowa. Daga nan mutanen Gangare suka kasa kunne suna jiran nasu. Sai kawai tsohon ya juya kalangu ya kama kiɗan rumfar nama, irin wanda ake yi ranar kasuwa don kiran masu saye. Aka ɗauka mantuwa ce, aka tuna masa. Aka lallashe shi, aka zage shi, aka jefe shi da takalmi. Ya kafe idonsa a ƙasa ya ci gaba da abinsa. Cindo ya shiga fage da hankalinsa garau.

Turmi na farko, wato zagayen farko, Nomau yana ganin Cindo biyu, bai san wanne zai kai wa ba. Sau uku ya ji gefen kansa a buɗe, ya runtse ido yana jira, naushin ya sauka a kafaɗa. Turmi na biyu haka. Ya yi mamaki, amma mai jiran mutuwa ba ya tsayawa dogon tunani. A turmi na uku ya ga hannun hagun Cindo, wanda ake karewa da shi, ya ɗan sauka. Ya tattara duk abin da ya rage masa, da tsoron, da haushin matarsa, ya kai. Naushin ya sami Cindo a ido. Yaron ya yi tangaɗi, ya kai hannu ƙasa.

Kai, ranar Tudu kamar ta tsage! Jatau ya fashe da kuka kamar yaro, ya kwance zaren nan a gaban kowa, ya ce ɗansa ya gama dambe har abada. Aka miƙa wa Nomau igiyar bijimin gasa, wani fari mai tozo. Ya koma gida da ransa.

Tunau kuwa bai kai gida lafiya ba. Samarin Gangare suka tare shi a hanya, suka farfasa kalangun, suka ɗora hannunsa na dama a kan dutse suka daddatse yatsun. Ya warke, amma ko cokali ba ya iya riƙewa. Gidan da aka yi kiɗa tun kaka da kakanni ya yi tsit, kuma ba a ƙara gayyatar wani nasa fage ba.

Idon Cindo ya tsiyaye. Wannan ma da sauƙi. Ubansa tsohon ɗan dambe ne, ya ga saukar hannun nan, ya san ba kuskure ba ne. Ya tambaye shi dalili, yaron ya ƙi faɗa. Kwasau ya sa wuƙa ya yanka zarensa gunduwa-gunduwa, ya ce ya sayar da gari, ya kore shi daga gida. Wanda jiya ake ɗauka a kafaɗa ya koma wankin kayan ciki a bayan mahauta, mutane na wucewa suna tofar da yawu.

Tasalla tana Rafin Kanya, mata ba sa cin abinci kwano ɗaya da ita. Sunanta ya zama wadda ta kai sawun mijinta. Sau biyu ta zo ganin 'yarta, sau biyu aka mayar da ita daga bakin zaure.

Su ukun ba wanda ya buɗe baki, don muddin Jatau na da rai, in ya ji takwas ɗinsa kyauta aka ba shi, zai sake naɗa zaren. Kafin damina ta faɗi tsohon ya kwanta ciwo, ya cika yana sa wa ɗansa albarka. Bayan sadakar bakwai matar Tunau ta zo gaisuwa. Ta ga Nomau zaune ƙalau ana ta yi masa kirari, zuciya ta ɗebe ta, ta ja shi gefe ta zazzage masa komai, tun daga takardar ƙarƙashin katifa har hannun mijinta. Nomau ya miƙe daga wurin. Ya shiga ɗaki ya dubi 'yarsa tana barci, ya dubi hannunsa na dama, ya kwana uku abinci bai wuce maƙogwaronsa ba. Kunya da nadama suka kusa yi masa abin da naushi bai yi ba.

To al'adarsu ita ce, bijimin gasa ba a yanka shi a gida, ba a sayarwa, ba a rabawa. Gwani yakan ja shi da ransa ya kai ƙofar wanda ya yi masa sanadin nasara, ya durƙusa a gabansa jama'a na kallo. Galibi uba ake kai wa, bayan Sallah. Uba ya tafi, kuma yanzu Nomau ya san ba shi ne mai shi ba. Saboda haka kada wani mai wayo a cikinku ya ce ai mahauci ne, ya yanka ya kasa uku. Gaskiya zai faɗe ta a kan su duka, wannan ba a magana. Amma bijimi ɗaya ne, durƙuson ɗaya ne, kuma ƙofar da ya tsaya ita duniya za ta riƙe.

Da hantsi ya kwance igiya ya fita bayan gari, har mararrabar da hanya ta rabu uku. Ta dama Rafin Kanya, wurin matar da ba don ita ba da ba wanda ya san komai, wadda ta rasa aure da 'ya da mutunci, kuma da bakinsa ya yanke hanyar dawowarta. Ta tsakiya Tsamiyar Makaɗa, wurin tsohon da bai haɗa komai da shi ba, wanda da ya kaɗa taken nan sau ɗaya da alkawarin ya tashi a banza. Ta hagu ta tsallaka rafi, wurin abokin gaba da ya ga kan a buɗe ya ƙi kaiwa, ya tsaya da saninsa aka fasa masa ido. Bijimin ya sunkuya yana cin ciyawa, Nomau yana tsaye da igiya a hannu, rana na ta yi.

To, jama'a, ga ku ga shi. Tsakanin Tasalla, da Tunau, da Cindo, wane ne ya fi cancanta Nomau ya durƙusa a ƙofarsa?